Kurege Taubashin Kowa

Ga ta nan ta taho da rairayi a ƙafa, ku matsa mata ta zauna.

Can arewa, inda gonaki ke ƙarewa rairayi ya karɓi ƙasa, akwai wata rijiya da ake kira Rijiyar Aduwa. Gida ɗaya ne tak a bakinta, na wata tsohuwa, Iya Ladingo, ita da awakinta. Sauran maƙwabtanta duk 'yan daji ne, kuma akwai tsohuwar yarjejeniya tsakaninsu: kullum da la'asar takan bar musu ruwa a kwami su sha, su kuma ba sa taɓa mata akuya. A cikin maƙwabtan nan akwai wani kurege ɗan mitsitsi, wanda in ka cire jela babu abin da ya rage sai baki. Shi da aiki kuwa, sai dai gaisuwa daga nesa.

A shekarar da nake ba ku labari damina ta yi rowa, ga shi saura kwana huɗu Cika-ciki. Kun san dai ranar, ranar da kowa ke ci sai ya kasa tashi. Tsofaffin wurin sun ce duk wanda rana ta faɗi a ranar cikinsa bai cika ba, to shekarar nan kaf da yunwa zai yi ta. Kurege bai yarda da abubuwa da yawa ba a duniya, amma wannan magana ya yarda da ita har cikin ƙashinsa. Ya leƙa raminsa da ke gindin tumfafiya, ya tarar da ɓawon aduwa biyu da busasshiyar fara mai ƙafa ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai.

Yana zaune yana tagumi sai ga fatake biyu sun tsaya shayar da raƙuma. Ɗaya ya fizge jakar dabinon ɗayan, ya ce masa mai kunnen jaki, ya kama ci. Kurege ya gyara zama don ya sha kallon dambe, amma wanda aka zaga dariya kawai ya yi.

"Ci, ɗan gwaggo," in ji shi. "Ba don taubashina ne kai ba, da yau ka kwana a rijiyar nan."

"Yo ka isa? Uwata gwaggonka ce. Ni ɗan mace, kai ɗan namiji. Watan shara ya kama, watan kyautar taubasai, ɗan namiji ke bayarwa, ɗan mace ke karɓa. Kuma wasan taubashi ba a fushi."

Kurege ya ji wannan, ya waiwaya ya dubi jelarsa, ya ga tsintsiya ce Allah ya ba shi tun haihuwa. Ya yi tsalle ya dire, ya daki ƙirji.

"Ni ne Kurege na bakin rijiya! Allura cikin rairayi, mai nema ya sha rana! Ashe dangi nake da su cike da daji, ina zaune yunwa na cina!"

Da gari ya waye, ya bi hanyar raƙuma yana tsintar gashin jimina da ya zube. Ya samo ƙaro a jikin itace, ya manna gashin a gadon bayansa, ya miƙe wuya iyakar miƙewa, wanda dai bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Can ya hango Jimina tana kiwo. Ya sha gabanta ya kama share ƙasa da jela, ƙura na tashi tana shiga mata hanci.

"Salamu alaikum, mai wuya kamar igiyar guga! Kai kuma kamar ƙwallon goruba, a kaɗa a ji ba komai ciki!"

Jimina ta sunkuyo daga can sama, ta ga ɗan abin da ke zaginta, ta ɗaga ƙafa. Ƙafar jimina kuwa ko zaki ba ya son ya gaisa da ita.

"Taka ni ki ji kunyar duniya!" in ji Kurege. "A ina aka taɓa dukan taubashi?"

Ƙafa ta tsaya a sama. "Taubashin wa?"

"Naki mana. Uwata gwaggonki ce, ƙanwar babanki, wadda ta yi aure can nesa. Ashe ba a gaya miki ba? Haka zumunci ya lalace a gidanku?"

Jimina ta sauke ƙafa a hankali. Ta juya kai ta dube shi da idon dama, ta sake juyawa ta dube shi da na hagu. "To in kai jininmu ne, ina wuyanka?"

"Na baba na ɗauko. Gashin nan ne na wajen uwa."

"Mu ƙafa biyu gare mu. Kai na ga huɗu."

"Biyun nawa ne. Biyun kyauta aka ba ni ranar suna."

Jimina ta kama tunani, kuma tunani a wurinta tafiya ce mai nisa, don sai ya hau wuya kafin ya kai. Daga ƙarshe kunya ta rufe ta, ta ga ta kusa take ɗan gwaggonta a kan hanya. Ta ce ya yi haƙuri, ta kai shi inda ta san guna ta yi 'ya'ya, ta tara masa, ta ƙara da fara cike da ɓawon ƙwai. Da zai tafi ya kai hannu ya tsige mata gashi guda a gindi. Ta yi ƙara ta juyo.

"A'a, 'yar kawu," in ji shi, "wasan taubashi ba a fushi."

Jimina ta haɗiye fushinta, shi ma fushin ya daɗe kafin ya sauka. Kurege ya wuni yana mirgina guna zuwa rami, bai ci ko ɗaya ba. Wai tara yunwa yake, don ranar Cika-ciki abinci ya sami wurin zama.

Da gari ya waye, ya nufi kwarin da Beguwa take. Don ya yi kama da ita sai ya faɗa cikin ƙarangiya ya yi birgima, kuma tun a birgimar farko ya gane wannan dabara da tsada take. Ya isa yana tafiya a tattale. Beguwa ba ta gani sosai, ga ta da saurin kuka. Tana jin an ce ɗan gwaggo sai hawaye, ta buɗe hannu ta taho za ta rungume shi, kibiyoyin jikinta na kaɗawa.

"Tsaya nan, 'yar kawu! Mura nake yi, kada ki ɗauka."

"Wayyo, ɗan'uwana, ga ladabi ga tausayi," in ji Beguwa. Ta tono masa gyaɗa da gujiya da ta ɓoye tun kaka, har da rakiya.

Ragowar ranar a cire ƙarangiya ta ƙare. Duk wadda ya cire sai ya yi wa kansa kirari, don kada a ji kamar kuka yake.

Da gari ya waye, saura kwana ɗaya. Mai hankali da ya tsaya nan, don ramin ya kusa cika. Amma Kurege ya ce Cika-ciki ba nama ai zaman makoki ne. Ya sami gawayi inda fatake suka yi girki, ya ɗiga wa jikinsa baƙi-baƙi, ya sauke gindi ƙasa yana jan ƙafafun baya, ya nufi kogon Kura. Ya tarar da ita kwance a inuwa, yunwa ta hana ta barci. Ya kama shara a ƙofar kogo, ya buɗe baki.

"Gafara dai, mai gindi a zaune! Wa ya karya miki baya, ko nauyin sata ne?"

Kura ta buɗe ido ɗaya. "Ikon Allah. Yau abinci da sallamarsa ya zo, har da share wurin da za a ci shi."

"Abinci? Dubi zanen jikina da kyau. Uwata gwaggonki ce, ƙanwar babanki."

"Ƙarya kake. Babana duk ƙannensa cinye su ya yi tun suna ƙanana."

"Ita ce wadda ta tsere," in ji Kurege.

Kura ta tashi zaune. Lallai ta taɓa jin an ce ɗaya ta tsere. Ta matso ta shinshina shi, yawu na zuba. "Ƙamshinka dai na kurege ne."

"Shi na karya da shi da safe. Ke dai in za ki ci ni bisimilla, amma kin san abin da ke samun wadda ta ci taubashinta. Haƙora ke zubewa ɗaya bayan ɗaya, a ƙare da shan kunu."

Kura ta zagaya harshe ta taɓa haƙoranta, ta ji suna nan, kuma tana son su ci gaba da zama. Ta shiga cikin kogo tana gunaguni, ta fito da ƙashin raƙumi mai ɓargo da wani busasshen tsokan nama, ta jefa masa. Ya ja kayansa, sai da ya yi nisan da ba za a kamo shi ba sannan ya miƙe gindi ya yi kuwwa.

"Ƙaramin goro ya fi babban dutse! Na shiga gidan Kura da yunwa na fito da nama! Wanda ya iya, ya zo ya gwada!"

Da gari ya waye, ranar Cika-ciki ta zo. Kurege ya baje kayansa a bakin rami, kwana uku bai sa komai a baki ba, ciki ya manne da baya. Ya ɗauki gyaɗa zai fasa ke nan, sai iska ta kawo masa wani ƙamshi daga gidan Iya Ladingo. Tsohuwar ta sauko da wutsiyar ragon layya da ta rataye tun Babbar Salla don wannan rana, ta sa a tukunya da daudawa da barkono. Kurege ya ajiye gyaɗa. Ya dubi abincinsa, duk ya ga ya zama ciyawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ya mayar da komai rami ya toshe.

Ya ciro wani tsumma da ya maƙale a shingen ƙaya, ya naɗa rawani da rabi, ya yafa rabi. Ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya dogara kara, ya zagayo da jelarsa ta ƙarƙashin hammata ya riƙe kamar tsintsiyar da ya zo da ita daga gida. Ya isa ƙofar gida ya kama shara.

Abin da bai sani ba, Iya Ladingo ta fi shekara sittin a bakin rijiyar nan, kuma kullum da safe kafin ta hura wuta sai ta zagaya gida ta karanta sawu. Ta san inda kububuwa ta ja ciki, ta san inda kunama ta kwana, ta san dila ya zo ya leƙa ya koma. Kwana uku tana ganin sawun ana jan kaya zuwa gindin tumfafiya, kuma ta san mai ƙafar, don shi ne ya addabi shanyar gyaɗarta bara.

"Salamu alaikum, tsohuwa mai baki ba ƙofa! Ina haƙoran suka tafi kiwo?"

Iya ta ɗago daga murhu, ta dube shi tun daga rawani har farce. "Alaikumus salamu. Wannan wane baƙo ne da zagi tun daga ƙofa?"

"Taubashinki ne. Uwata gwaggonki ce, ƙanwar babanki. Na zo karɓar sharata, kuma ba na son wahalar da ke, abin da ke cikin tukunyar nan ya isa."

"Ayya, malam, ka yi ɓatan kai. Babana shi kaɗai aka haifa, ba wa ba ƙanwa."

Kurege ya daskare. Tukunya na tafasa, ƙamshi na shiga masa har ƙwaƙwalwa, ga ƙarya ta ƙare a tsakiyar hanya. Iya ta juya miya, ta yi ajiyar zuciya, ta ci gaba kamar da kanta take magana.

"Ni dangin da na sani na wajen uwa ne. Kawuna, Madugu Cindo, mai yatsa shida. Allah ya jiƙansa. Ya rasu ya bar dabino ɗaki guda, ya ce a ajiye wa ɗansa da ya ɓace a hanyar gishiri. Shekara da shekaru muna jira, yaron nan bai zo ba. Dabino har ya gaji da zama."

Ɗaki guda! Kurege ya yar da kara ya faɗi ƙasa yana birgima. "Wayyo Baba! Wayyo Baba Cindo! Ni ne, Iya, ni ne ɗan da ya ɓace! Rana ce ta buga ni na rikita lissafin dangi!"

"Kai ne? To ina yatsanka na shida? Duk gidan suna da shi."

"Na bar shi a gida, saboda sauri."

"Allah sarki. Matso in gan ka, ɗan kawu."

Ya matso da gudu. Iya ta ɗauko igiyar ɗan akuya, ta zarga masa a ƙugu, ta ƙulle tamau, ta naɗe ɗaya bakin a hannunta.

"Madalla. Babanka kawuna ne, uwata gwaggonka ce. Ka ga ni ce 'yar mace, kai ne ɗan namiji. Ba ni sharata."

Nan Kurege ya ji duniya ta juya masa. Da bakinsa ya sauya gefe, ya bar wajen masu karɓa ya koma wajen masu bayarwa.

"Iya, ai wasa nake yi."

"Ai ni ma wasan nake yi."

"To dabinon fa?"

"Gara ta cinye tun bara. Muje, na san hanyar gidanka."

Ta ja shi har gindin tumfafiya, yana turjewa yana rantsuwa cewa ko ƙwayar gero ba shi da ita. Ta buɗe rami da muciya, ta kwashe guna da fara da gyaɗa da gujiya da ƙashi da nama, ta cika babbar ƙwarya. Ko farar nan mai ƙafa ɗaya ba ta bari ba. Ta ɗora ƙwarya a ka, ta ja igiya, suka nufi rijiya. La'asar ta yi, 'yan daji sun hallara a bakin kwami.

Jimina ce ta fara hango su. "Kai, wa ya ɗaure ɗan gwaggona? Kuma waccan ba gunata ba ce?"

"Ɗan gwaggonki?" in ji Beguwa. "Ɗan gwaggona dai, mai mura."

"Ku yi mini shiru," in ji Kura. "Uwarsa ƙanwar babana ce, wadda ta tsere."

Jimina ta yi tunani mai tsawo, sannan fuskarta ta washe. "Ashe Kura, ni da ke ma 'yan'uwa ne!"

"Kada ki ja mini asara," in ji Kura.

Iya ta sauke ƙwarya, ta fizge tsumman. Ga Kurege tsirara, da sauran ƙaro a baya, da sauran gawayi a ciki, da ƙarangiya biyu a bayan kunne. "Ga shi nan," in ji ta. "Uwa uku, uba ɗaya mai yatsa shida."

Kura ta wage baki ta taho. Iya ta ɗaga muciya. "A bakin rijiyata ba a zubar da jini. Kuma shi ya ce taubashinku ne, kun karɓa. Taubashi ba a cin sa, wasa ake yi da shi. Ko ba haka ba, ɗan kawu? Yaya ma ake cewa?"

Kurege ya dubi bakin Kura. Da wata 'yar siririyar murya ya ce, "Ba a fushi."

Beguwa ta ce ita dai tun shekaranjiya take son ta rungumi ɗan'uwanta, kuma ta ga mura ta sake shi. Ta rungume shi da zuciya ɗaya, ƙarar da ya yi sai da awaki suka watse. Jimina ta ce a gidansu da ƙafa ake gaisawa, ta ɗauke shi da shuri guda, ya yi sama iyakar tsawon igiya, ya juya sau biyu, ya faɗo tsulum cikin kwami. Kura ta ce ai yau ranar wanka ce, ba ta yarda ɗan gwaggonta ya shiga sabuwar shekara da dauɗa ba. Ta ɗora masa hannu ta danna. Ya ɗago zai yi magana, ta danna. Ya ɗago zai yi rantsuwa, ta danna. Duk buɗe bakin da ya yi ruwa ne ke shiga, shi kuwa bai iya rufe baki ba tun da aka haife shi.

A dannawa ta bakwai igiya ta jiƙe ta saɓule. Kurege ya fice ta tsakanin ƙafafun Jimina, ya faɗa rairayi da gudu, cikinsa na ƙugi ƙulum-ƙulum kamar salkar da aka ɗora wa jaki. Babu wanda ya bi shi, don dariya ta hana su tashi. Suka zauna suka raba abin da ke ƙwarya, Iya ta kawo tukunyarta, kowa ya ci ya yi nak.

Shi kuwa sai da ya hau kan wani tudun rairayi sannan ya tsaya. Ido ɗaya a kumbure, kibiyar Beguwa uku a gindi, gashin jela rabi ya tafi. Ya dubi yamma, ya ga rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ga shi ko ƙwayar gyaɗa bai ci ba. Gaskiya a nan ni kaina ya ba ni tausayi, don hawaye ne suka cika masa idon da ya rage. Shekara guda ta yunwa ba abin wasa ba ce.

Ya kai hannu zai riƙe ciki don baƙin ciki, sai ya ji shi tim. Ya ƙwanƙwasa, ya ji ya amsa. Ya sake ƙwanƙwasawa. Sai ya miƙe tsaye, ya juya wajen rijiya, ya buɗe murya.

"Ku dube ni da kyau, ku matsiyata! An ce a cika ciki, an ce da me? Ku kun sha wahalar tauna, ni Kura ce da kanta ta yi mini ɗura! Wa ya kai ni ƙoshi a dajin nan?"

Yana rufe baki sai ruwan ya fara neman hanyar fita. Kurege ya dubi rana, ya ga da sauranta kamar tsawon kara. Ya harɗe ƙafafu, ya cije leɓe, ya kama rawa a wuri ɗaya yana nishi, yana ce wa rana ta yi wa Allah ta yi sauri. Daga rijiya ana hango shi, Jimina na cewa ashe ɗan gwaggo har rawa ya iya. Bai saki ko ɗigo ba sai da rana ta nutse ƙurmus.

"Na ci shekara!" in ji shi, ya zura bayan tudu da gudun da ko Kura ba ta taɓa sa shi yin irinsa ba.

Ƙurunƙus. Kan kurege dai bai shiga tukunya ba, sai ku nemi na ɓera.